Speedtest, Fast.com da sauransu: idan awon intanet ya nuna fiye da abin da ka saya

Ƙorafin da kunne ya saba da shi a Kaduna shi ne na rashin sabis. Amma akwai wata tambayar da masu haɗa intanet a gidaje da ofisoshi suke yawan sha daga masu kafe na intanet da masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta: mutum ya biya kuɗin 20 Mbps, ya danna manhajar awon gudun intanet, allura ta haura 80. Ko kuma waya ta nuna 150 Mbps a Malali, alhali bidiyon da aka turo yana ta juyi ya ƙi sauka. Wani ya ɗauka kamfani ne ya yi mantuwa, sai ya yi gum kada a farga. Wani ya ce manhajar ce maƙaryaciya. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma yawanci duka biyun ba su canka ba. Lambar da ka gani gaskiya ce, sai dai amsar wata tambaya ce daban da wadda ke ranka.

Kafin komai, a raba ƙaramin b da babban B. Kamfanoni da manhajojin awo suna lissafi da megabit, wato Mbps. Burauza da manhajojin sauke fayil kuwa suna nuna megabayit, wato MB/s. Bit 8 ne ke yin bayit 1. Don haka awon da ya nuna 40 Mbps, iyakar abin da za ka gani wajen sauke fayil shi ne 5 MB/s. Mutane da yawa da ke cewa awo ya zuzuta lamba, wannan rabawar da 8 ce kawai ba su yi ba.

Abin da Speedtest yake aunawa

Speedtest na kamfanin Ookla ya fara aiki a 2006, kuma har yau shi ne wanda kowa ke fara buɗewa. Idan ka danna, abu uku yake yi. Yana laluben saba, wato babbar kwamfutar da ke tura data ga masu nema, wadda ta fi saurin amsa masa a cikin na kusa, ya buɗe hanyoyi da yawa zuwa gare ta a lokaci guda, sannan ya yi ta ɗura data na 'yan daƙiƙu har layin ya cika. Kowanne cikin ukun nan yana ɗaga lamba.

Ɗauki maganar saba. Yawancin sabobin da ke cikin jerin Speedtest kamfanonin sadarwa ne da kansu suke ajiye su. Idan sabar da aka zaɓa maka ta kamfanin da kake amfani da shi ce, to datar awon ba ta fita daga gidansu ba. Ka auna daga ɗakinka zuwa ofishinsu ne, ba ka taka babbar hanya ba. Kamar a gwada gudun mota a kan titin Ahmadu Bello da asuba, sannan a ce da wannan gudun za a isa Legas. Shafin da kake son buɗewa wataƙila yana Landan ko Amurka, kuma kafin a kai can sai an gangara Legas an shiga kebul na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano na Google da ya iso Legas a 2022. Wannan sashen ne mai tsada, shi ne kuma kamfani yake saya da awo ya raba wa dubban mutane.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna wannan ƙarara. Kebul huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a tekun da ke gefen Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta, bankuna ma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana, layin da ke tsakanin gidanka da sabar cikin gida lafiyarsa ƙalau, don haka awo zai iya ba ka lamba mai kyau alhali shafukan waje ba sa buɗuwa.

Nisa kuma yana da lissafinsa da ba ya karɓar roƙo. Haske a cikin fayiba, wato zaren gilashin da data ke bi, yana cin kusan kilomita 200 a kowace milidaƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kaduna zuwa Abuja bai kai kilomita 200 ba, zuwa da dawowa ke nan wajen milidaƙiƙa 2 a kan takarda. Kebul ɗin MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne, wato milidaƙiƙa 70 zuwa da dawowa tun kafin a sa jinkirin na'urorin da ke hanya. Hanya guda ɗaya ta sauke fayil tana aika kaso ne ta jira a ce ya iso kafin ta ƙara. Idan kason kilobayit 64 ne, jiran kuma milidaƙiƙa 100, gudun ba zai wuce kusan 5 Mbps ba ko da layinka na 100 ne. Kwamfutocin yanzu suna faɗaɗa kason da kansu, amma da zarar wani ɓangare ya ɓace a hanya sai su ja baya, kuma gwargwadon nisa gwargwadon daɗewar farfaɗowa. Speedtest yana kauce wa wannan ta hanyar buɗe hanyoyi da yawa. Keke goma ne suka kwashi kayan, kai kuma ranar aikinka keke ɗaya za ka samu.

Abin da ya sa muke ganin Speedtest ya cancanci zama a waya shi ne yana ba ka damar sauya duka biyun. A ƙasan maɓallin farawa akwai wurin canja saba, akwai kuma zaɓi tsakanin Multi, wato hanyoyi da yawa, da Single, wato hanya guda. Yi awo huɗu: sabar da ya zaɓa da kansa, wata saba ta wani kamfanin daban a Legas, wata a Landan, sannan ka maimaita ta Landan ɗin a kan Single. Lamba ta farko ƙarfin layinka ne zuwa kamfani. Ta ƙarshe ita ce mafi kusa da abin da za ka gani idan kana sauke fayil guda daga waje. Idan ta farko 90 ce ta ƙarshe 12, babu wadda ta yi ƙarya a ciki.

Gyara da ambaliyar farko

Akwai ƙarin da kamfani yake yi da gangan. Duk data tana tafiya ne da ɗan kayan rakiya, adireshi da lambobin tantancewa, waɗanda suke cin kusan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na layin. Don kada mai 50 Mbps ya auna ya ga 47 ya kira yana faɗa, wasu kamfanonin sukan saita layin ya ɗan haura abin da suka tallata. Gyara ce irin ta mai awon hatsi a kasuwar Kawo. Idan ka sayi 50 kana ganin 53 ko 57 kullum, safe da dare, wannan ce, kuma taka ce halak malak.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ta biyu, wato ambaliyar farko. Ƙananan kamfanonin da ke raba intanet da rediyo daga kan dogon ƙarfe zuwa gidaje, da masu raba wa haya ko ɗakunan ɗalibai, da yawansu rautar MikroTik, wato na'urar raba intanet ta wannan kamfani, suke amfani da ita wajen kayyade wa kowa rabonsa. A cikinta akwai saitin da ke barin layin da ya ɗan huta ya yi ambaliya na ɗan lokaci kafin a mayar da shi kan iyakarsa. Lambobi huɗu ake sawa: iyakar kullum, iyakar ambaliya, mizanin da matsakaicin gudu zai kai a yanke ambaliyar, da tsawon lokacin da ake lissafa matsakaicin. A ce iyakar kullum 10 Mbps ce, ta ambaliya 30, mizani 8, lokacin lissafi daƙiƙa 60. Ambaliyar za ta ɗauki 60 sau 8 a raba da 30, wato daƙiƙa 16. Awon saukewa na Speedtest bai cika wuce daƙiƙa 15 ba. Ka ga ke nan awon zai fara ya ƙare a cikin ambaliya, ya rubuta maka 30, kai kuma 10 ce abincinka.

Wannan saitin ba cuta ba ne a kan kansa. Shafuka suna buɗuwa da sauri saboda shi, tunda yawancin shafi bai wuce 'yan megabayit ba. Inda matsala take shi ne a tallata maka lambar ambaliya a matsayin abin da ka saya. Gane shi ba wuya: sa babban fayil ya yi ta sauka, ka zuba wa lambar ido. Idan ta fara da 3.7 MB/s, bayan daƙiƙa 15 ko 20 ta faɗo 1.2 ta tsaya cak kamar an ja layi da rula, ambaliya ce. Cunkoso ba ya faɗuwa da tsafta haka, hawa da sauka yake yi.

A kan fayiba labarin ya ɗan bambanta. Tsarin GPON da ake ja zuwa gidaje yana ɗauke da kusan 2.5 Gbps na saukewa a kan zare ɗaya, ana raba shi ga gidaje 32 ko 64. Abin da ke tsayar da kai a kan 20 ko 50 saiti ne kawai a na'urar kamfani. Idan an haɗa sabon layi ba a ɗora masa saitin da ya dace ba, ko an sauya na'ura, mai 20 zai iya ganin 200 na kwanaki. Gudun gaske ne, za ka gan shi har a sauke fayil, amma aro ne. Kada mai kafe ya ƙara kwamfutoci goma a kan sa.

Fast.com, da na Google, da na Cloudflare

Fast.com na Netflix ne, sun buɗe shi a 2016. Ba shi da talla, ba ya tambayar komai, da ka buɗe ya fara. Yana jawo data ne daga sabobin da Netflix ke ajiye finafinansa, kuma irin waɗannan sabobin akan girke su a cikin gidan kamfanonin sadarwa ko a mahaɗar da kamfanoni ke musayar data, irin IXPN da ke da cibiyoyi a Legas da Abuja da Kano. Google da Facebook ma suna ajiye irin wannan rumbun na kusa. Shi ya sa YouTube yake tafiya sumul a layin da ya kasa buɗe shafin rajistar wata makaranta: bidiyon yana nan kusa, shafin kuma yana kan wata ƙaramar saba da mutum dubu suka yi wa caa a lokaci guda. Wannan na ƙarshen babu layin da zai magance shi.

Babbar lambar da Fast.com ke nunawa ƙiyasi ce, kuma awon cikin burauza yakan ɗan zarce a layi mai gudu sosai. Amfaninsa na gaske yana ɓoye ne. Bayan ya gama, danna Show more info, sannan Settings. A nan za ka iya mayar da yawan hanyoyi zuwa 1, ka kuma tsawaita awon zuwa daƙiƙa 60 ko 90. Wannan saitin shi kaɗai yana tona ambaliyar farko, domin awon zai wuce lokacinta. A ganinmu, ga wanda ke zargin lambarsa ta yi yawa, wannan ne awo mafi amfani a cikin na kyauta.

Awon da ke fitowa idan ka nemi gwajin gudu a shafin binciken Google na wata cibiyar awon intanet ne mai suna M-Lab. Hanya guda yake buɗewa, shi ya sa lambarsa takan zo ƙasa da ta Speedtest, wani lokaci nesa ba kusa ba. Mutane sukan raina shi saboda haka, alhali rowarsa ce amfaninsa. Na kamfanin Cloudflare kuma yana gwada fayiloli masu girma daban-daban, daga ƙanana zuwa manya, ya nuna jinkiri, wato lokacin da data ke ɗauka ta je ta dawo, da yadda jinkirin ke hawa da sauka. Shafinsa ya cika da zane-zane, ba na mai sauri ba ne, amma mai haɗa layi zai ƙaru da shi.

Lokacin da lambar ba ta yiwuwa

Akwai sakamakon da ba ya buƙatar dogon nazari, domin ƙarfe yana da iyaka. Ramin kebul na 100 Mbps, irin wanda ke jikin rautoci masu araha da tsofaffin kwamfutoci, ba ya wuce 94 ko 95. Na gigabit yana tsayawa wajen 940. Wi-Fi na 2.4 GHz a waya mai eriya ɗaya yakan haɗu a kan 72 Mbps, abin da zai wuce ta ciki da gaske kuma bai cika haura 40 zuwa 50 ba. MiFi ta 4G mai daraja ta 4 iyakarta a takarda 150 ce, mai daraja ta 6 kuma 300. Duk awon da ya haura iyakar na'urar da ka bi ta cikinta, to ko dai ba ta nan datar ta bi ba, ko lissafin ya gurɓace.

Na farkon ya fi yawa. Waya tana kan Wi-Fi na gida, amma datar layi a kunne take. iPhone yana da Wi-Fi Assist da ke tsallakawa kan layin waya idan Wi-Fi ya yi rauni, wayoyin Android da yawa ma suna da irinsa, wasu har haɗa biyun suke yi don ƙarin gudu. Sai ka auna 4G ko 5G kana zaton rautarka ce. Duba sunan kamfanin da awon ya rubuta a ƙasa. Idan ba na gidan ba ne, magana ta ƙare. Mafi sauƙi, sa wayar a yanayin jirgi, sannan ka kunna Wi-Fi shi kaɗai.

Na biyun yakan fito ne a lambar ɗorawa, wato gudun tura data daga na'urarka zuwa intanet. Layin da ɗorawarsa 5 ce sai ya nuna 60. Abin da ke faruwa shi ne wata manhaja ta shiga tsakani, rigakafin kwamfuta mai binciken shafuka ko VPN. Burauza tana miƙa mata data, ita kuma ta karɓe ta tara a ma'ajiyarta, awon ya lissafa kamar an aika alhali kayan suna zaure ba su fita ba. VPN mai matse data ma yakan kumbura lamba. Kashe su, ka yi amfani da manhajar awon da aka girka maimakon burauza. A kwamfuta mai Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi katin intanet. Abin da ke wucewa da gaske yana nan a rubuce yayin da awon ke gudana. Idan shafi ya ce 200 katin ya ce 45, katin ne mai gaskiya.

Akwai kuma kamfanin da zai iya ware zirga-zirgar awo ya ba ta hanya ta musamman, ya bar sauran a matse. Alamarsa ita ce awo ɗaya ya yi ta ba da lamba mai kyau a kowane lokaci, sauran ukun da sauke fayil kuma su haɗu a kan ƙaramar lamba. Kada a yi saurin yanke wannan hukunci sai an kawar da duk abubuwan da suka gabata, domin saba ta kusa ita kaɗai tana iya haifar da irin wannan hoton.

Layin waya da Starlink

A layin waya babu ma alƙawarin gudu tun farko, gigabayit ka saya. Ƙarfen sabis ɗaya ne yake raba abin da yake da shi ga duk wanda ke ƙarƙashinsa. Ƙarfe 3 na dare a Unguwar Rimi kusan kai kaɗai ne a kai, ƙarfe 9 na dare a Rigasa ko Tudun Wada kuwa kowa ya dawo gida ya buɗe TikTok. Idan ka ga 4G+ a saman allo, wayar ta haɗa zango biyu ko uku ne na mitar sadarwa a lokaci guda, kuma lamba takan ninka. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, a kan zangon 3.5 GHz, kuma inda ta kai, ɗaruruwan megabit ba abin mamaki ba ne. Sai dai wannan zangon ba ya son bango. Awon bakin taga da na ƙuryar ɗaki za su iya zama kamar na gari biyu.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarin ɗan'adam ɗinsa suna wucewa ne a tsayin 'yan ɗaruruwan kilomita, tasar da aka girka a gida kuma tana sauya wanda take magana da shi a kai a kai. Awo biyu a jere za su iya bambanta sosai ba tare da komai ya lalace ba. Manhajarsu tana da awon da ke raba gudun waya zuwa rauta da gudun rauta zuwa intanet. Kada a ɗauki na farkon a matsayin na biyu, domin na cikin gida ne kawai.

A nan a yi hattara da aljihu. Awo data yake ci gwargwadon gudun layin. A kan 100 Mbps, daƙiƙa 10 megabayit 125 ne. A kan 400 Mbps rabin gigabayit ne, ban da ɗorawa. Wanda ya tsaya yana ta maimaita awon 5G don nuna wa abokai zai iya cinye datar mako kafin shayi ya huce.

Lambar da ya kamata a duba

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Netflix da kansu 5 Mbps suke ba da shawara don bidiyo mai kyau na 1080p, 15 kuma don 4K. Kiran bidiyo na Zoom bai kai 4 ba. Abin da ke yanke murya a tsakiyar taro ba ƙarancin megabit ba ne yawanci, jinkiri ne lokacin da layi ya cika. Speedtest yana nuna jinkiri kala uku: na lokacin da layi ke zaune, na lokacin saukewa, da na lokacin ɗorawa. Fast.com ma yana nuna biyu. Idan na zaune milidaƙiƙa 30 ne, na lokacin ɗorawa ya tashi 800, to duk sa'ad da wayar wani a gidan ta fara tura hotuna zuwa ma'ajiyar Google, kiranka zai kakkarye ko da awo ya ce 100. Maganinsa a rauta yake: a kunna saitin tsara layi, wanda ake kira SQM ko QoS, a kayyade shi a kan kusan kashi 90 cikin 100 na gudun da layin ke iya riƙewa da gaske. Lambar awo za ta ɗan ragu, kira kuma ya daidaita.

Ga mai son sanin abin da yake biya, musamman mai kafe ko cibiyar jarrabawa da ke shirin sa hannu a yarjejeniya, awon da ba ya ruɗi shi ne agogo da fayil. Haɗa kwamfuta ɗaya da kebul kai tsaye, cire kowa daga layin, ka sauke fayil mai gigabayit 1 daga saba mai ƙarfi. Gigabayit 1 megabit 8,000 ne, sai ka raba da daƙiƙun da ya ɗauka. A kan 20 Mbps zai ci minti 6 da daƙiƙa 40, a kan 80 kuma minti 1 da daƙiƙa 40. Maimaita da safe, da azahar, da tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, kwana uku a jere, ka rubuta kowanne da ranarsa da lokacinsa. Lambar dare ita ce za ka yi ciniki a kanta. Ka kuma tambayi kamfani a rubuce ko layin naka ne kai kaɗai ko na tarayya, da ko akwai adadin datar da idan ka kai za a rage maka gudu, domin awon farkon wata ba ya nuna wannan. Idan abin da kake samu ya gaza abin da aka rubuta, kamfani kuma bai saurare ka ba, layin ƙorafi na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, shi ne 622, kyauta ne, kuma za su nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya fara ba ka, don haka ka adana ta.